Injiniyan da Ya Rufe Ruwa Ranar Buɗe Famfo

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba mu aron wannan bawa nasa shekara hamsin da takwas, ya kuma karɓi abinsa ranar da ya ga dama.

Ranka ya daɗe shugaban hukumar ruwa, barka da zuwa. Daraktoci da manyan ma'aikata, malamanmu da dattawa, babban likitan asibiti da shugabannin makarantu da suka ajiye aikinsu suka zo, ina gaishe ku. Tsofaffin ma'aikatan gidan ruwa da suka yi ritaya, na ga wasunku riƙo su aka yi aka kawo, Allah ya saka da alheri. Sai iyalin marigayi: Mama uwargidansa, Baba ƙarami ƙanensa, babbar 'yarsa da mijinta, autansa da ya baro makaranta ya zo, da jikokin nan biyu da ke can baya suna jan kujeru. A bar su su yi wasansu. Sannunku da haƙuri.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce mai kula da ɗakin gwaji a gidan ruwa, inda ake auna ruwa kafin a sake shi ya shiga gari. Shekara ashirin da ɗaya na yi a ƙarƙashin Injiniya, yanzu kuma ni ke riƙe da kujerarsa na wucin gadi. Shi ya sa abokan aiki suka ce in yi magana a madadinsu.

Bari in faɗi wani abu tun farko, kada wani ya ga idona a bushe ya yi mini wata fassara. Yau kwana goma sha ɗaya da rasuwarsa, ban yi kuka ba. Ba dauriya ba ce. Abin ne bai iso ni ba. Ina tashi, ina zuwa aiki, ina sa hannu a takardu, in an kawo abinci in ci, amma kamar wata ce ke yi, ni ina gefe ina kallonta. Na tambayi abokan aiki, da yawansu haka suke. Muna shiga da safe, mu gaisa, kowa ya kama injinsa, ba mai ɗaga kai ya dubi ƙofar ofishin. Saboda haka abin da zan faɗa zai fi kama da rahoto. Da ma shi rahoto yake so, gajere kuma. Da yana nan, da tuni ya fara duba agogo.

Ranar da na fara aiki na tarar da ɗakin gwaji kamar ɗakin ajiye tarkace. Na zauna na cika takarda da abubuwan da suka lalace, guda goma sha bakwai, na sa musu lamba, na ja layi da jan biro, na kai masa ina jin kaina. Ya karanta a tsaye. Bai yaba ba, bai kushe ba. Cewa ya yi in nuna masa wanda in aka bar shi har gobe wani zai kwanta ciwo. Na duba, na sake dubawa, na ɗora yatsa a kan na goma sha ɗaya, wani ma'auni da ya daina nuna yawan maganin da ke cikin ruwa.

Ya ce, "To, Malama, yau aikinmu ɗaya ne. Sauran sha shidan ba gudu za su yi ba."

Kafin azahar an gyara ma'aunin. Fankar ɗakina kuwa, wadda na sa a lamba ta ɗaya, sai da ta shekara biyu ba ta juya ba.

Ya kasance mutum mai tsare safiyarsa. Daga ƙarfe bakwai zuwa tara ba ya amsa waya, ba ya buɗe wasiƙa, ba ya ganin baƙo. Wayar ma a durowa yake kulle ta. Da ƙafa yake farawa daga bakin inda ruwa ke shigowa, ya bi ta wurin tacewa, ya leƙa ɗakin injina ya ɗora tafin hannunsa a jikin kowane inji, ya hau kan tanki, ya sauko ta ɗakina ya duba sakamakon gwajin safe. Sai ya gama wannan zagayen sannan sauran duniya ta samu shiga.

Ya kasance ba ya zaman taron da ba a san abin da za a yanke a cikinsa ba. In an kira shi, tambayarsa ta farko ita ce, me ake so a yanke? In aka rasa amsa, sai ya turo gaisuwa. An sa shi a kwamitoci ba iyaka, ya mayar da takardun cikin ladabi, ɗaya bayan ɗaya, har aka gaji aka daina.

Ya kasance mai iya cewa a'a ba tare da ya ɗaga murya ba, kuma ba tare da ya yi ƙarya ba. Ba ya cewa yana zuwa alhali ba zai zo ba. Kalmarsa uku ce, kuma mu ma'aikata da ita muke kiransa a bayan idonsa: Ba Yanzu Ba. In an hango shi tafe sai a ce ga Ba Yanzu Ba nan, kowa ya gyara tsayuwa. Ya san da sunan. Wata rana wani sabon direba ya yi suɓul da baka ya kira shi da shi a gaban idonsa, muka yi tsuru-tsuru, shi kuwa ya amsa kamar sunan yanka.

Ba zan ce muku zama da shi yana da sauƙi ba. Mun yi gunaguni. Wasu sun ce girman kai ne. Baba ƙarami, kana nan, ka tuna ranar da ka zo ofis da ƙarfe bakwai da rabi da wata maganar gida, aka ba ka kujera da shayi, ka zauna awa ɗaya da rabi kana huci, kana cewa uwa ɗaya uba ɗaya amma sai ka bi layi. Amma kai ne kuma ka gaya mini cewa da ya dawo ya rufe ƙofa ya zauna da kai, bai dubi agogo ko sau ɗaya ba har ka gama. Haka yake. In bai ba ka lokaci ba, bai ba ka ba. In ya ba ka, ya ba ka duka.

Akwai kuma famfon wanke hannu da ke kusurwar ofishinsa. Shekara da shekaru yana ɗiga, an ajiye masa bokiti a ƙasa. Shugaban gidan ruwa guda, famfonsa na yoyo. Masu shara da ruwan bokitin suke ban ruwan furannin bakin ƙofa, har suna roƙon kada a gyara. In an yi masa magana sai ya ce mai gyara ɗaya muke da shi a ranar, kuma akwai unguwar da bututunta ya fashe.

Yanzu zan ba da labarin da yawancinku kuka san rabinsa.

Shekara goma sha biyar da suka wuce aka gama sabon gini da sababbin injina, aka sa ranar da wani babban baƙo zai zo ya buɗe. Mako uku ba abin da ake yi sai fenti. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an kafa wani famfo na musamman a tsakiyar fili an ɗaura masa kyalle, shi baƙon zai murɗa a gaban masu ɗaukar hoto. Injiniya ne zai yi jawabin maraba. Mama ta sa an ɗinka masa sabuwar riga fara.

Kwana biyu kafin ranar an yi ruwan sama mai yawa, ruwan da ke shigo mana ya zo da laka. Da safiyar bikin, ana saura kamar rabin awa baƙo ya iso, na yi gwajin da na saba, na ga maganin kashe ƙwayoyin cuta ya yi ƙasa ƙwarai. Injin da ke zuba maganin ya tsaya, ba wanda ya lura, saboda mai kula da shi an tura shi jera kujeru. Na sake gwadawa, haka. Na sake na uku, haka. Na ɗauki kwalbar na je na tsaya a bayan rumfa ina hango shi zaune a sahun gaba da takardar jawabi a hannu. Minti goma na ɓata a tsaye a wurin, ina neman dalilin da zai sa in jira a tashi. Ban samu ba. Na ratsa ta tsakanin kujeru na sunkuya na gaya masa.

Darakta na wancan lokaci yana kusa da shi, ya ji. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya jiƙansa, tsoro ne ya kama shi kamar yadda ya kama ni. Ya ce a yi haƙuri awa ɗaya kacal, baƙo ya murɗa famfo, a yi hoto, ya tafi, sannan a rufe duk abin da za a rufe.

Injiniya ya juyo wajena. Ya tambaye ni: "In aka bar shi awa ɗaya, ina ruwan zai kai?"

Na ce asibiti, da makarantun firamare biyu, su ne a farkon layi.

Ya miƙa wa akawu takardar jawabin ya ce ya karanta in an kira sunansa, ya tashi ya bi ta bayan rumfa. Babban makullin da ke rufe ruwan gari mutum ɗaya ba ya iya juya shi. Shi da wani tsohon mai gyaran bututu suka kama, da sabuwar rigar a jikinsa. Sau uku ana aiko a kira shi, sau uku yana cewa ba yanzu ba. Ina tsaye kusa da su muna jin lasifika daga nesa, muka ji an yi tafi, muka ji an ce babban baƙo zai murɗa famfo. Daga nan muka ji shiru. An ce famfon ya yi tari sau biyu, ya zubo 'yan ɗigo, ya tsaya. Baƙon ya tsaya da hannunsa a kai yana duban darakta.

Awa tara gari ba ruwa. Mun zubar da abin da ke cikin ƙaramin tanki, aka gyara injin maganin, na gwada na sake gwadawa, kafin magariba aka buɗe. Washegari aka kawo masa takardar tuhuma. Ya amsa ta a layi uku. Ƙarin girman da aka riga aka yi masa alkawari ya wuce ta kansa, kuma bai sake dawowa ba. Mutanen da ya koya wa aiki sun zama daraktoci a samansa, wasunsu suna zaune a nan, sun kuma ci gaba da miƙewa tsaye in ya shigo. A gari, abin da aka riƙe shi ne ranar da gidan ruwa ya ji kunya. Ba yaron da ya kwanta, ba majinyacin da ciwonsa ya ƙaru, don haka ba wanda ya san akwai abin godiya. Babban likita, ranka ya daɗe, ina jin yau ka fara jin wannan rabin.

Ni abin da ya ce mini kawai shi ne, nan gaba gwaji biyu ya isa, kada in tsaya yin na uku. Bayan shekaru na tambaye shi ko yana da-na-sani. Ya yi ɗan tunani ya ce e, rigar, man injin bai taɓa fita ba, kuma Mama ba ta yafe ba.

Labari na gaba ba don son raina zan ba da shi ba. Mama da babbar 'yarsa ne suka ce sai na faɗa, don kada a tashi daga nan ana zaton mutum ne da bai taɓa kuskure ba.

Bayan abin da ya faru ranar bikin, sai ya tare a wurin aiki. Ya daina yarda da kowane inji sai ya gani da idonsa. Ya fita yara ba su tashi ba, ya dawo sun yi barci. Asabar da Lahadi ma yana nan. Haka aka yi fiye da shekara. Mu muna yabonsa, ba mu san me ake ciki a gida ba.

Wata rana da yamma ina ofishinsa muna duba sakamakon wata, sakatare ya shigo da fom ɗin masu neman ganinsa. Sakataren sabo ne, bai san iyalin gidan ba. Akwai 'yan kwangila huɗu a layi, da wata yarinya 'yar shekara goma sha uku cikin kayan makaranta, wadda ta karɓi fom kamar kowa, ta cika, ta zauna a tsakaninsu fiye da awa ɗaya da jakarta a kan cinya. Injiniya yana bin takardun ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan nata. A wurin da aka ce a rubuta dalilin zuwa, ta rubuta: ina so in ga babana.

Ya daɗe yana duban takardar. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Malama, na iya tsara aikin gari, na kasa tsara na gidana."

Da kansa ya fita. Ya ba 'yan kwangila haƙuri ya ce su dawo gobe, ya karɓi jakar yarinyar ya rataya a kafaɗa, suka tafi gida a ƙafa. Ba wata babbar magana ta zo da ita ba. An zaɓe ta ne ta wakilci makarantarsu a gasar muhawara, mako biyu tana jiran ta gaya masa. Daga ranar, ƙarfe huɗu da rabi yake kulle ofis, sai dai in ruwan kansa ne ke cikin haɗari. Kowa ya zo bayan wannan lokaci, komai girmansa, sai gobe. Mama ta ce da farko bai san abin da ake yi a gida da yamma ba, sai ya riƙa zagaye yana ƙara ɗaure famfunan da ba abin da ya same su. A hankali ya koyi zama. Auta, kai a wannan zamanin ka taso, shi ya sa kai ka san uba mai duba aikin makaranta, yayarka kuma ta san biyun.

Wata biyar da suka wuce muna cikin mota za mu duba wani bututu, ya gaya mini abin da likita ya ce masa. Ya faɗa ne da muryar da yake faɗin matakin ruwa a tanki. Ya ce maganar watanni ake yi, ba shekaru ba. Ban san abin da na amsa ba.

Da labari ya fita, jama'a suka yi ta zuwa, kowa da shawararsa, kuma duk don ƙauna. Wannan ya ce akwai asibiti a wata ƙasa, wancan ya ce akwai mai magani a wani gari, wani ya kawo saiwa a leda. Abokan aiki suka ce ya rubuta koke a gyara maganar ƙarin girmansa kafin lokaci ya ƙure, har an rubuta masa, hannu kawai zai sa. Ya gode wa kowa. Ya sha maganin da likitansa ya ba shi. Takardar koken kuwa bai sa mata hannu ba, ya ce ba shi da safiyar da zai ba ta.

Abu biyu ya zaɓa. Yamma ta gida ce. Safiya kuma ta makullai ce. A ƙarƙashin titunan garin nan akwai tsofaffin bututu da aka binne tun kafin a haifi yawancinmu, da makullan da ake rufe ruwa da su in wani wuri ya fashe, guda ɗari da arba'in. Taswirarsu gara ta cinye tun da daɗewa. Wasu an yi kwalta a kansu, wasu an gina shago, wani yana ƙarƙashin teburin mai sayar da katin waya. A cikin kan mutum ɗaya kawai suke, shi ne Injiniya. Don haka kullum da safe muka riƙa fita, ni da shi da ma'aikata biyu, ya nuna, mu tona, mu auna, in rubuta. Da farko yana sauka ya tsaya a kanmu. Daga baya sai daga cikin mota yake nunawa da yatsa, ya ce taku huɗu daga wancan turken lantarki. Bai taɓa kuskure fiye da taku ɗaya ba. Mun kai ɗari da goma sha takwas ƙafafunsa suka ƙi. Saura ashirin da biyu.

Ya kwanta a gida, aka ce in riƙe kujerarsa. A nan ne zan faɗi nawa.

Shekara ashirin da ɗaya ina kallon yadda mutumin nan yake yi, amma cikin mako uku na zama duk abin da ya hana mu zama. Wayata ba ta shiru, ni kuma ba na iya ajiye ta. Duk wanda ya leƙo sai na tsaya. Duk taron da aka kira sai na je, don kada a ce mace aka ba riƙo ta fara ɗaga kai. Zagayen safe na fara yin rabi, daga baya na fara aikawa.

Ranar Litinin ya kira ni. Ina cikin taro a kan inda motocin manya za su riƙa tsayawa a harabar ofis. Na ga sunansa, na rubuta masa cewa ina taro, zan kira. Ba laifin taron ba ne, ba wanda ya kulle ƙofa. Ranar Talata ya kira sau biyu, ina rubuta jawabin maraba ga wasu baƙi da ma a ƙarshe ba su zo ba. Na ce a raina maganar makullai ashirin da biyun nan ce, ba ta waya ba ce, ranar Asabar zan je da littafina in zauna sosai. Ranar Laraba da hantsi wayar ta sake ƙara, na ga Baba ƙarami ne. Wannan na ɗauka, labarin rasuwar ne.

Bayan kwana uku, da mutane suka ɗan ragu, na je wurin Mama. Da kunya na tambaye ta ko ya bar wata magana a kan sauran makullan. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Duka ashirin da biyun suna ciki, da titi, da alama, da yawan taku, cikin rubutun babbar 'yarsa. Tun mako guda kafin ya fara kirana ya zaunar da ita ya yi mata shifta, uku-uku a rana, in ya gaji su tsaya.

Mama ta ce, "Ba don wannan yake nemanki ba."

Wata huɗu kafin nan likita ya ji wani ɗan ƙullutu a wuyana, ya ba ni takarda in je a yi gwaji. Na ninke ta na sa a jaka, kullum ina cewa sai an samu sarari. Wata rana ta faɗo a mota lokacin fitar makullai, Injiniya ya ɗauka ya miƙo mini. Na zaci bai karanta ba. Mama ta ce da ya ga ban kira ba, sai ya bar mata saƙo, ya sa ta maimaita don kada ta rage: "Ki ce mata ta je asibiti. Injina ba za su tsaya don ta yi kwana ɗaya ba ta nan ba."

Washegari na je. Shekaranjiya sakamako ya fito. Sun ga abu, ƙarami ne, za a yi mini aiki mako mai zuwa. Likita ya ce da na ƙara wata shida da ba haka zai yi mini magana ba. Na saurare shi, na gode masa, na karɓi takarda, na koma ofis. Mutumin da numfashinsa ya rage kwana biyu ya ware kira uku daga ciki ya ba ni, ban ɗauki ko ɗaya ba. Haka abin ya faru, ba ni da yadda zan gyara faɗarsa.

Mama, ban san abin da ake ce wa wadda ta yi shekara talatin da ɗaya da mutum ba. Baƙi za su watse, gidan zai yi faɗi. Mu 'yan gidan ruwa mun yi magana, ba za mu zo miki a taro mu cika falo mu tafi ba. Ɗaya-ɗaya za mu riƙa zuwa, kuma wanda ya zo zai kashe wayarsa. In ba kya son magana, za mu zauna shiru.

Ƙanwata, babbar 'yarsa, littafin nan da kika rubuta yana cikin akwatin ƙarfe a ofis, an kuma kwafe shi uku. Shekaranjiya bututu ya fashe a bayan tashar mota, da shi aka gano makullin, taku shida daga bakin kwalbati, daidai yadda ya faɗa miki. Ki daina cewa da kin sani da kin bar shi ya huta. Abin da yake so ya yi ke nan, ke kika riƙe masa biro.

Auta, jarrabawarka saura mako biyu. Mutane za su yi ta ce maka yanzu kai ne babba a gida. Ka gode musu, ka koma makaranta. Baba ƙarami yana nan, mu ma muna nan.

Baba ƙarami, kai ka yi jigilar asibiti wata biyar ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Mun gani.

Abokan aiki, gobe ƙarfe bakwai za a yi zagaye, cikakke, tun daga bakin shigowar ruwa. Ranka ya daɗe shugaba, takardar neman hutuna na mako uku tana kan teburinka tun jiya, tare da sunan wanda zai riƙe. Duk tarukan da aka sa ni a ciki, a yi mini uzuri.

A madadin iyali da ma'aikatan gidan ruwa, ina godiya ga duk wanda ya zo, da wanda ya aiko, da likitoci da ma'aikatan jinya da suka kula da shi har ƙarshe, da maƙwabtan da suka buɗe ƙofofinsu ga baƙi. Wanda Injiniya ya taɓa sa shi jira har ransa ya ɓaci, iyalinsa suna roƙon ya yafe masa.

Ya Allah, bawanka ne, ka fi mu saninsa. Ka gafarta masa abin da muka sani da abin da ba mu sani ba. Ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya zuciyar Mama, ka tsare masa 'ya'yansa da jikokinsa. Shekara talatin da biyu yana shayar da garin nan ruwa mai tsabta, yawancin masu sha ba su san fuskarsa ba. Ya Allah, kai ka san ta. Ka shayar da shi.

Amin. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.